Kwalin Mangwaron Refik

Sau biyu kacal Refik Balla ya taɓa ɗaura taye a rayuwarsa: ranar aurensa, da ranar da ya je Brisbane don wani alƙali ya gaya masa ko kwalin da ya ƙirƙira da hannunsa nasa ne ko ba nasa ba. Shekarunsa sittin da bakwai, yana noman mangwaro a bayan garin Mareeba, a gonar da mahaifinsa ya sare daji ya shuka taba bayan ya baro Albaniya. Taba ta mutu, mangwaro ya gaje ta, Refik kuma ya gaji mangwaro da duk wahalarsa.

Babbar wahalar kuwa kwali. Mangwaron nan ba ya nuna sai sama ta fara tsiyaya, iska ta yi nauyi, riga ta manne a baya. A irin wannan danshin gam ba shi da amana ko kaɗan. Ka shirya mangwaro tsaf, ka ɗaga kwali, sai gindin ya buɗe, wahalar shekara ta watse a ƙasa tana gangarawa ƙarƙashin mota. Kowa a yankin ya zagi kwali ya gaji ya haƙura. Refik ne kawai ya ƙi haƙura, don shi mutum ne mai taurin kai na ƙin ƙarawa.

Damina uku ya yi yana yanke-yanke da reza a kan teburin cin abinci. Matarsa Sadete takan tsaya a kansa da tiren burek mai zafi, gashin fulawa irin na Albaniya, ta rasa inda za ta ajiye.

"Bawan Allah, wannan tebur ne ko shagon kafinta?"

"Haƙuri, saura kaɗan."

"Saura kaɗan ɗin nan tun bara nake jin sa."

A ƙarshe dai ya samo abin da yake nema. Falle ɗaya na kwali, kunnuwa huɗu, kowane kunne ya lanƙwaso ya shige wata tsaga ya kulle. Babu gam, babu waya. Abin daɗin ma, gwargwadon nauyin mangwaro gwargwadon yadda kunnuwan suke ƙara damƙewa. Da farko tsagar miƙaƙƙiya ce, takan ɗan yage a gefe in an yi lodi da ganganci. Daga baya ya kife ƙaramin kofin gahawar Sadete a kan kwalin, ya bi bakinsa da biro, tsagar ta fito kamar jinjirin wata, yagewa ta ƙare. Sadete ta ce ya biya ta hayar kofinta. Ba ta ga ƙarshen maganar ba, Allah ya yi mata rasuwa shekara guda bayan haka.

'Yarsu Lirije, wadda ke aikin jinya a Cairns, ita ta matsa masa ya yi wa kwalin rajista. Ta kai shi wajen wata lauya mai suna Hallinan, doguwar mace mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma a sikeli. Lauyar ta jujjuya kwalin, ta warware, ta kasa mayarwa, Refik ya karɓa ya haɗa shi kafin ta ɗauke ido.

"Mista Balla," in ji ta, "rajista kamar shingen gona take. Abin da muka rubuta a takarda shi muka kewaye. Duk wanda ya shiga ciki ya taka haƙƙinka, wanda ya tsaya a waje kuwa, ko da taku ɗaya ne, ba ka da ta cewa. Za mu kafa babban shinge tukuna, sannan mu sa ƙanana a cikinsa don ko-ta-kwana."

Babban shingen shi ne da'awa ta ɗaya: duk wani kwalin 'ya'yan itace mai kunnuwa da ke shiga tsaga su kulle ba tare da gam ba. Ƙananan suka biyo baya, har zuwa ta bakwai, wadda ta ce tsagar tana da siffar jinjirin wata. Sannan ta tambaye shi ko ya taɓa sayar da kwalin, ko ya kai shi bajekoli, ko ya buga shi a jarida. Ya ce sam, ko ɗaya. Gaskiya ya faɗa, don ba a tambaye shi ko ya taɓa bayar da shi kyauta ba, shi kuma ko a mafarki bai ɗauki kyauta a bakin wani abu ba.

Ba a daɗe ba sai ga kamfanin Vardell, masu yin kwalin da rabin manoman arewacin ƙasar ke saya, sun fito da wani kwali mai kunnuwa huɗu maras gam. Wai ƙwararrunsu ne suka ƙirƙiro. Suka kuma garzaya ofishin rajista suka ce kada a ba Refik takarda, don abin ba sabo ba ne. Suka kawo zane-zanen kwalin takalmi daga Jamus da na kek daga Amurka. Ma'aikaciyar ofishin da ta saurari maganar ta duba ta ce babu ɗaya da ya yi kama da na Refik, ta ba shi gaskiya. Ran nan Refik ya yanka rago, ya kira maƙwabta, ya kai wa kabarin Sadete ziyara ya gaya mata. Kamfanin kuwa ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu, inda doka ta ba kowa damar kawo sabuwar shaida.

Wata safiya yana gyaran famfon ban-ruwa wayarsa ta yi ƙara. Lauya Hallinan ce.

"Mista Balla, ka san wani Ottavio Bresolin?"

Refik ya yi dariya. Ya san Ottavio? Shekara arba'in shingen waya mai layi uku ne kawai tsakanin gonarsa da ta wannan Ba'italiyen mai baki kamar rediyo. Tare suka bar taba, tare suka dasa mangwaro. Ottavio ne ya kama kan makarar Sadete, shi da ba Musulmi ba, yana kuka har da majina.

"Me tsohon banzan ya yi kuma?"

"Ya ba kamfanin Vardell shaida a rubuce. Ya ce shekara uku kafin mu shigar da takardunka ka ba shi irin wannan kwalin guda ɗari biyu, ya kai mangwaro da su kasuwar Brisbane. Haka aka yi?"

Refik ya zauna a kan bututun ruwa. Haka aka yi mana. Shekarar da rafi ya cika ya shiga rumfar Ottavio ya mayar da kwalayensa kunu, ga mangwaro an riga an tsinka, ga gada ta nutse, motar kamfani ba ta da hanyar shigowa. A nan kuwa ba a jira maƙwabci ya roƙa. Tarakta, tsani, tamfol, masu tsinka, duk abin da kake da shi na maƙwabcinka ne ranar da ya shiga uku, kuma abin kunya ne a yi maganarsa daga baya, balle a rubuta. Refik yana da fallayen kwali busassu a rumfarsa. Shi da Sadete suka yini biyu suna yanka da reza har yatsunsu suka yi kanta, ya loda a bayan a-kori-kura ya kai wa Ottavio, ya nuna masa yadda ake lanƙwasa kunnuwan, ya juya ya tafi ko gahawa bai tsaya sha ba.

"Ka ce masa ya riƙe abin a asirce?" lauyar ta tambaya.

"Asiri? Mutum mangwaronsa na ruɓewa zan ce ya rantse mini?"

"Ko da ka ce ma, tunda sun je kasuwa kowa ya gani, da wuya ta yi amfani. Doka tana yi wa mai ƙirƙira afuwar wata goma sha biyu in ya nuna abinsa kafin rajista. Kai shekara uku ce. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ai ba sayarwa na yi ba. Ba shi na yi."

Bai tsaya ɗaure famfon ba ya nufi bakin shingen. Ottavio yana can yana feshi, ya hango shi ya kashe inji, ya taho yana washe baki, hularsa a karkace.

"Ɗan Albaniya! Ka ji labari ko? Na wanke ka tas!"

"Ka wanke ni."

"Wani ɗan iskan dillalin Vardell ne ya zo yana min talla, wai sabon kwalinsu, wai injiniyoyinsu sun yi shekara biyu a kai. Na ce kai yaro, rufe min baki! Wannan kwalin Refik ne, da shi na kai mangwaro Brisbane tun kana makaranta. Ya ce ƙarya nake. Ni! Na ja shi har rumfa, na zazzage sifanonin da nake ajiyewa a cikin guda ɗaya da ya rage, na nuna masa, har da tambarin kasuwa da kwanan wata a jiki. Ka ga idonsa kuwa? Washegari ya dawo da lauya, suka ce in sa hannu cewa kai ka fara yi. Na ce ku kawo biro biyu!"

Refik ya tsaya yana kallonsa. Ya zo da zagi cike da baki, amma wa zai zaga? Mutumin nan murna yake yi, har wani ƙirji yake turowa.

"Ottavio, ka kashe ni."

"Haba, wane irin kisa? Na gaya wa duniya kai ka fara!"

"Shi ne kisan, macin taliya. Shi ne kisan."

Ottavio bai gane ba, Refik kuma ba shi da ƙarfin yi masa bayani. Ya juya ya koma wajen famfo, ya tarar ruwa ya malale layi biyu na itatuwa.

Ranar shari'a Lirije ce ta ɗaura masa tayen. Ɗakin kotun sanyi ƙarara, a kan tebur an jera kwalaye uku: na Vardell fari sol, na Refik na yanzu, da wani tsoho mai dabbaren baƙin mai, wanda aka manna wa lamba kamar ɓarawo. Refik ya gane shi daga nesa. Yankan gefen hagu ya ɗan karkace, hannun Sadete ne, ita ba ta taɓa iya riƙe reza daidai ba.

Aka kira Ottavio. Ya shigo cikin kwat ɗin da yake zuwa coci da ita, ya ɗaga wa Refik hannu, sai da ma'aikacin kotu ya yi masa gyaran murya. Lauyan kamfanin, wani mai laushin murya, bai sha wahala ba ko kaɗan. Tambaya ɗaya yake yi Ottavio ya ba shi amsa goma.

"Mista Bresolin, mutane sun ga kwalayen a kasuwa?"

"Gani? Dillalai taruwa suka yi a kansu! Wani ma warware ɗaya ya yi a gaban kowa don ya ga yadda aka yi. Na ce musu aikin maƙwabcina ne, Refik Balla, ga shi can zaune. Ya mai shari'a, in ba don mutumin nan ba da shekarar nan na sayar da gona. Ko sisi bai karɓa ba. Irinsa sun ƙare a duniya."

Alƙalin ya sunkuya yana rubutu. Lauya Hallinan ta rufe ido. Refik kuwa ji yake kowace kalmar yabo tana sauka a kansa kamar guduma, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki da zai kama.

Da aka zo kansa, lauyan ya miƙa masa tsohon kwalin.

"Mista Balla, wannan yana da kunnuwa?"

"Yana da su."

"Suna shiga tsaga su kulle?"

"Suna shiga."

"Akwai gam a jikinsa?"

"Babu."

"To karanta mana da'awarka ta ɗaya, ka nuna mana kalma guda da babu ita a jikin wannan kwalin."

Refik bai karanta ba. Ya juya wajen alƙali.

"Ya mai shari'a, ni na yi wannan, ni na yi wancan. Ba wanda ya riga ni. Ta yaya zan riga kaina?"

Alƙalin ya cire tabarau. Ba mugun mutum ba ne, da ma mugu ne da Refik ya samu wanda zai tsana.

"Mista Balla, babu wanda ya ce ba kai ka fara ba. Kotu ba wannan take tambaya ba. Tambayar ita ce, ranar da ka nemi rajista, abin sabo ne a idon jama'a, ko ya riga ya shiga hannunsu? Abin da ya riga ya zama na kowa, doka ba ta ƙwato shi ta mayar wa mutum ɗaya, ko da shi ne ya bayar."

A farfajiyar kotu Ottavio ya iso shi, fuskarsa ta sauya. Lirije ta riga ta yi masa bayani a gefe, da alama ba ta tauna kalmominta ba.

"Refik, wallahi ban sani ba. In koma in ce na manta? In ce ba shekarar ba ce?"

"Ka koma ka ce me? Ga tambarin kasuwa a jiki."

"To me zan yi?"

"Ka je ka ci abinci, jirginka ƙarfe huɗu ne."

Hukuncin ya fito bayan wata biyar, shafi sittin da ɗaya. Lauya Hallinan ta kira shi ta ce ba a rasa duka ba. Da'awa ta ɗaya har zuwa ta shida sun faɗi, domin tsohon kwalin yana ɗauke da duk abin da suka ambata. Amma ta bakwai ta tsira. Tsagar tsohon kwalin miƙaƙƙiya ce, jinjirin watan daga baya ya zo, kuma alƙali ya yarda sabon abu ne mai amfani. Za a ba shi takardarsa.

"To Vardell za su daina?"

"A'a. Tsagarsu miƙaƙƙiya ce, sun huda 'yar ƙaramar ƙofa a kowane gefe don kada ta yage. Suna wajen shingenka."

"Wato me na mallaka?"

"Lanƙwasar tsagar, Mista Balla."

Ya ajiye wayar. Damina uku, yatsu masu kanta, rago guda, taye, jirgin sama, duk a kan bakin kofin gahawa. Takardar ta iso da tambari mai ƙyalli da sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe. Lirije ta ce a sa ta a gilashi a rataye. Ya ce ta bari, ya tura ta cikin durowar da ake ajiye batir da tsofaffin makullai.

Ya gwada neman mai buga masa kwali da jinjirin watan. Ƙananan masana'antu biyu suka ce sai sun sa an ƙera sabuwar wuƙar inji, kuma wa zai saya, ga na Vardell ya cika ko'ina yana aiki lafiya lau? Da Disamba ta kama mangwaro bai jira kowa ba. Refik ba shi da Sadete, idonsa kuma ba ya ganin layin reza kamar da. Ya ɗaga waya ya yi odar kwali daga Vardell kamar kowa.

Motar ta sauke su da hantsi. A jikin kowane falle an buga da jan rubutu cewa sabuwar fasahar Vardell ce, a ƙasa kuma zane huɗu na yadda ake lanƙwasa kunnuwa. Direban, mutumin kirki, ya zaro ɗaya.

"Baba, bari in nuna maka yadda ake haɗawa, yana da ɗan rikici a farko."

Refik ya bar shi ya nuna masa. Har godiya ya yi masa.

Tun dawowarsu daga Brisbane Ottavio yake zarya. Ya kawo tumatir, ya kawo cuku, ya zo ya gyara ƙofar gonar da ba wanda ya ce ya gyara. Refik yana amsa gaisuwa, yana karɓar tumatir, ba ya gayyatarsa ciki. Ya san mutumin bai yi da mugunta ba. Yakan gaya wa kansa haka bayan kowace salla, amma da ya hango karkatacciyar hular nan sai ya kau da kai. Haushin Ottavio yake ji, yana jin haushin kansa, yana kuma jin haushin wancan yinin biyu da a da yake ganin ba su taɓa yin aikin da ya fi shi kyau ba, shi da Sadete.

A mako na biyu na tsinka, da la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Iskar farko ta zo da ƙarfi, Refik ya ji ƙarar kwano daga can ƙetaren waya. Ba a jima ba sai ga Ottavio da gudunsa na tsofaffi, babu hula, yana haki, ya dafa ƙofar rumfa.

"Refik! Iska ta yaye min kwano uku, ga mangwaro a shirye a ƙasa, na gobe ne. Babban tamfol ɗinka, mai shuɗi!"

Tamfol ɗin yana nan a ninke a kan benci, a bayan Refik, tsakaninsa da shi bai kai taku biyu ba. Ottavio yana kallon tamfol ɗin. Shi ma Refik ya san yana kallonsa. Hannunsa har ya fara motsawa da kansa, yadda ya saba shekara arba'in, sai ya mayar da shi kan kwalin da yake haɗawa, ya lanƙwasa kunne ya tura a tsaga.

"Ba ni da tamfol," in ji shi.

Ottavio ya dubi bencin, ya dubi Refik, ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya ya fita, wannan karon ba da gudu ba.

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Refik ya ajiye kwalin a kan 'yan'uwansa, ya zaro wani falle ya ci gaba da lanƙwasawa.